Sassaƙar Allon Zamiya A Gareji: Wauta Ce Ko Ajiyar Ilimi?

 A wannan makon zan ja ka zuwa ƙasashen da sanyinsu ya mai da hunturunmu abin wasa, domin mu duba wata ɗabi'a da na daɗe ina juya ta a zuciya.

A ƙasashen arewacin duniya, irin su Norwe da Suwidin da Kanada da jihohin duwatsu na Amurka, akwai wasu mutane da idan ganyen itatuwa ya fara zuba, alamar sanyi ya ƙarato, sai su shige garejin gidajensu su duƙufa firar katako. Cikinsu akwai injiniya, akwai malamin makaranta, akwai likita, akwai ɗalibi. Abin da suke haɗawa shi ne allon zamiya, wato dogayen falankan nan guda biyu da ake ɗaura wa ƙafafu a zame a kan dusar ƙanƙara, waɗanda Turawa ke kira siki. Abin mamakin shi ne, kantunan garuruwansu cike suke da irin waɗannan alluna, ƙirar manyan kamfanoni kamar Rossignol na Faransa da Atomic na Ostiriya, kuma galibin mutanen nan suna da halin saye. Hasali ma, in aka haɗa da kuɗin kayan aiki, sau da yawa allon farko da mutum ya haɗa a gida ya fi na kanti tsada, kuma bai kai shi kyau ba. To, me ya kai su? Wauta ce ta wanda cikinsa ya cika ya rasa abin yi, ko kuwa akwai wata hikima a ciki? Ni dai na karkata ga ta biyun, kuma zan kawo hujjojina.

Da farko ya kamata a san cewa allon zamiya asalinsa ba kayan wasa ba ne, abin hawa ne na talaka. A inda dusar ƙanƙara ke rufe ƙasa watanni da dama a shekara, wanda ya taka ta da ƙafa zalla nutsewa zai yi har gwiwa, wani wurin har ƙugu. Dogon falanki kuwa yana raba nauyin mutum a kan fili mai faɗi, sai ya tsaya a sama. Da shi maharbi ke bin dabba, da shi makiyayi ke bin garke, da shi ake zuwa jana'iza da ɗaurin aure. Kalmar siki ɗin ma daga tsohon harshen mutanen Norwe ta fito, ma'anarta tsagaggen icce. An tono gutsattsarin irin wannan allo a arewacin Rasha waɗanda masana suka ƙiyasta sun kai shekara 8,000. A 1924 masu haƙar lambatu suka ci karo da wasu a cikin fadamar Kalvträsk ta Suwidin, masu shekara fiye da 5,000. A 2014 kuma, da ƙanƙarar dutsen Digervarden na Norwe ta narke, sai ga wani allo mai shekara kusan 1,300. A 2021 aka sami ɗan'uwansa 'yan taku kaɗan daga wurin, tsawonsa santimita 187, faɗinsa 17, da igiyoyin ɗaurinsa a jiki, har da alamun gyaran da mai shi ya yi masa. Wannan gyara shi ya fi ɗaukar hankalina. Yana nuna cewa abin yana da daraja a wurin mai shi, kuma akwai hannun da ya iya ɗinke shi idan ya tsage.

A duk tsawon waɗannan dubban shekaru babu masana'anta. Magidanci kan shiga daji ya zaɓi icce mai miƙaƙƙen jiki, ya tsaga shi da gatari, ya sassaƙe da gizago da wuƙa, ya jiƙa goshinsa a tafasasshen ruwa ko ya turara shi har ya yi laushi, ya lanƙwasa shi sama, ya ɗaure ya bar shi ya bushe a haka. Daga nan ya shafe ƙasansa da kwaltar da ake tatsa daga itacen fayin, ya gasa ta da wuta ta shige jikin katakon, don kada ruwa ya ci shi. Yaro yana tsaye yana miƙa kayan aiki, da haka ilimin ke wucewa.

Shi kansa wasan zamiya na zamani daga hannun irin wannan talaka ya fito. Sondre Norheim, wanda aka haifa a 1825 a ƙauyen Morgedal na yankin Telemark, manomi ne marar gonar kansa, mai taɓa aikin kafinta. A 1868, yana da shekara 42, ya je gasa a babban birnin Norwe, wanda a lokacin ake kira Christiania, ya ba mutanen birni mamaki da yadda yake juya allunansa yadda ya ga dama. Sirrin da ake jingina masa abu biyu ne: ya zagaye dunduniya da igiyar saiwar icce da aka murɗa, ta yadda allo ba ya kuɓuce wa ƙafa, kuma allunan yankinsu tsakiyarsu ta fi kai da gindi siranta, kamar ƙugun kalangu. Shekara 20 bayan nan Fridtjof Nansen ya ratsa tsibirin Girinlan a kan alluna, a 1911 kuma Roald Amundsen ya isa ƙuryar kudancin duniya a kan allunan itacen hikori. Norheim kuwa talauci ya kore shi zuwa Amurka a 1884, can ya rasu a 1897. Su ne suka ɗauki suna, amma dabarar ta ɗan ƙauye ce.

Ga hujjata ta biyu, wadda ta fi ƙarfi. In ka bi tarihin allon da ake sayarwa a kanti yau, za ka tarar da yawa daga manyan sauye-sauyensa 'yan karambani ne suka kawo su. Wani akanta ɗan Ostiriya, Rudolf Lettner, shi ya fara ɗaura siraran ƙarafa a gefen allo a shekarun 1920, don ya riƙa cizon daskararriyar ƙanƙara maimakon ya sulluɓe da mai shi. Howard Head, ma'aikacin kamfanin ƙera jiragen sama a birnin Baltimore na Amurka, ya gwada zamiya a ƙarshen shekarun 1940, ya sha faɗuwa, ya ɗora laifin a kan nauyin katako. Sai ya kama ɗan wuri ya shiga manna alminiyam da katako hawa-hawa, irin yadda ake yi wa jikin jirgi. Yana zuba kayan a jakar roba, ya zuƙe iskar ciki da injin tsohon firji, ya tsoma jakar a cikin tafasasshen baƙin mai don gam ya kama. Gommai suka karye a hannun masu gwaji kafin a 1950 ya dace da wanda ya tsaya, kuma sunansa na kan kayan wasanni har yau. A 1965 wani uba a jihar Michigan, Sherman Poppen, ya haɗe allunan yara biyu wuri guda don 'ya'yansa mata su yi wasa. Jake Burton Carpenter ya ɗora daga nan a wani ɗakin ajiya a jihar Vermont a 1977, kuma a 1998 wannan allo mai faɗi guda ɗaya ya shiga gasar Olamfik ta hunturu a Nagano ta Japan. Hatta lanƙwasar da allunan zurfafan dusa ke da ita yau, wani ɗan wasa ne, Shane McConkey, ya tabbatar da amfaninta ta hanyar ɗaura allunan zamiyar ruwa ya gangaro dutse da su, kafin kamfanin Volant ya fitar da samfurin a 2002. Kamfani yana tsoron asara, saboda haka yana son maimaita abin da ya sayu bara. Mai gareji kuwa, in ya yi asara, ta falanki biyu ce da hutun mako.

Yanzu bari mu leƙa cikin garejin mu ga aikin, domin a nan ne za a gane cewa ba wasan yara ba ne.

Aikin yana farawa da takarda da fensir, ko kwamfuta. Mutum zai yanke shawarar tsawo, wanda ga babba yakan kama daga santimita 160 zuwa 190, sannan faɗi a wurare uku: kai, ƙugu da gindi. Misali milimita 130 a kai, 100 a ƙugu, 120 a gindi. Wannan bambanci shi ne sitiyarin allo. Idan mai zamiya ya karkata shi a kan gefensa ya danna da nauyinsa, sai allon ya lanƙwashe, gefen ya zana baka a kan dusa, ya bi wannan baka ya juya. Gwargwadon sirantar ƙugu, gwargwadon saurin juyawa. Wannan ne kamfanin Elan na Silobeniya ya zurfafa a farkon shekarun 1990, har ya sauya yadda duniya ke zamiya. Haka kuma dole a zaɓi doron allo. In ka ajiye shi a ƙasa babu kowa a kai, tsakiyarsa takan ɗan ɗaga. Da an taka sai ta miƙe, nauyi ya watsu har kai da gindi. Mai son dusa mai zurfi kuwa akasin haka yake nema, ya ɗage kai da gindi kamar kwalekwale don allon ya yi iyo.

In an gama zane sai a yanka samfuri a falanki, a bi shi a yanke shimfiɗar ƙasa, wata roba mai santsi da aka fi sani da P-Tex, wadda ke shan kaki. A lanƙwasa siraran ƙarafan gefe da hannu, su bi ta sau da ƙafa, a ɗiga musu gam su tsaya. Daga nan sai zuciyar allo, wato katakon ciki. Ba falanki ɗaya ake sawa ba. Ana tsaga sirara-sirara, a jera su gefe da gefe a manne, a cuɗa mai sauƙin nauyi irin fofla da mai tauri irin ash ko mafal, wasu kuma su sa gora. Ana yin haka ne don kada katakon ya murɗe, kuma don ƙusoshin maɗaurin takalmi su sami wuri mai tauri su kama. Sannan a fere shi: kauri a tsakiya, wajen milimita 10 zuwa 12, ya yi ta siranta har ya koma wajen 2 a kai da gindi. A nan ɗalibin kimiyya zai ga darasinsa da idonsa. Taurin falanki yana ƙaruwa ne da kaurinsa a ninke sau uku a kansa, don haka falanki mai milimita 11 ya fi mai milimita 10 tauri da kusan kashi ɗaya cikin uku. Kuskuren da bai kai kaurin farce biyu ba ya isa ya sa ƙafar dama ta bi gabas, ta hagu ta bi yamma.

Ranar haɗawa ita ce ranar fargaba. Ana dama gam mai ƙarfi da ake kira efoksi, wanda da zarar an haɗa ruwansa biyu ya fara ƙirga lokaci, ba ya jiran kowa. A shimfiɗa robar ƙasa da ƙarafanta, a ɗora siririyar roba mai laushi a kan ƙarfen don rage girgiza da hana ɓarewa, a ɗora ƙyallen zaren gilashi, a ɗora katako, a sake ɗora zaren gilashi, a rufe da fatar sama, wadda masu son ado kan yi da siririn katako mai zane. Kowane hawa sai an jiƙa shi da gam. Ba a fafe gora ranar tafiya: wanda bai jera kayansa tun jiya ba, gam zai daskare masa a hannu.

Sai matsewa. Hanya mai sauƙi ita ce ta Howard Head, a sa a jaka a zuƙe iska, nauyin iskar duniya ya danne kayan. Amma wannan ba ya wuce kusan kilo ɗaya a kan kowane murabba'in santimita. Masu son fiye da haka sukan ƙera firam na ƙarfe, su shimfiɗa mesar 'yan kwana-kwana da aka toshe bakinta biyu a saman kayan, su hura ta da injin iska irin na mai faci. Mu yi lissafi. In aka hura ta har kilo 3 a kan kowane murabba'in santimita, wanda ya ɗan ɗara iskar tayar ƙaramar mota, a kan fili mai tsawon santimita 200 da faɗin 30, nauyin da firam ɗin ke riƙewa ya kai kilo 18,000, wato tan 18. Walda ɗaya ta saki, ƙarfe zai tashi kamar harsashi. Wasu kuma sukan ƙara da bargon lantarki mai ɗumama kayan zuwa wajen digiri 80, gam ya nuna cikin kamar awa guda maimakon kwana. In an buɗe, abin da ke fitowa ba shi da kyan gani, faffaɗan ɓawo ne mai kaifi. Sai an yanke rarar da zarto, an goge gefe, an daidaita ƙasa, an wasa ƙarfe, an shafa kaki da dutsen guga, sannan allo ya bayyana.

Ba zan ɓoye hujjar masu suka ba, domin tana da nauyi. Suna cewa allo abu ne da mutum ke ɗora ransa a kai yana gangarowa dutse da gudun mota. In ya ɓare ko ya karye a kwana, ƙashi ne zai biya. Suna cewa efoksi yana sa wa fata ƙaiƙayin da in ya kama mutum ba ya sakinsa, ƙurar zaren gilashi da ta katako kuma ba abokan huhu ba ne. Suna cewa abin na masu hali ne, domin sai mai gida da gareji da rarar lokaci. Duk gaskiya ne. Amma abin lura shi ne, masu hankali cikin maƙeran nan sun san iyakarsu. Maɗaurin takalmi, wanda aikinsa ya saki ƙafa idan mutum ya faɗi don kada gwiwa ta murɗe, ba sa ƙera shi. Saye suke yi, kuma da yawa sukan kai wa ƙwararre ya ɗaura ya auna. Sanin inda hannunka ya tsaya wani ɓangare ne na sana'a. Batun hali kuwa, ban ga aibu ba ga wanda ya sami rarar lokaci ya zuba ta a koyon abu. Da yawa sun sami wannan rarar suka ƙarar da ita a kallon waya.

Akwai kuma wani gefen da ya sa nake kiran wannan ɗabi'a ajiya. A tsaunukan Altai, a arewa maso yammacin ƙasar Sin, har yanzu akwai dattawa da ke sassaƙa allo da gatari, su lulluɓe ƙasansa da fatar ƙafar doki. Gashin yana kwance ne ya fuskanci baya, don haka allon yana zamewa gaba sumul, in kuma ya tashi komawa baya sai gashin ya miƙe ya ciji dusa, mutum ya hau tudu ba tare da ya sulluɓo ba. Sanda ɗaya suke riƙewa, ba biyu ba. Dabara ce da ba ta buƙaci digiri ba, kuma masu hawan dutse na Turai har yau suna manna irin wannan fata, ta roba ko ta gashin akuya, a ƙasan allunansu na zamani. Amma hanyoyin mota sun iso, kayan kanti sun iso, matasa sun kama wasu harkokin. A birnin Oslo akwai gidan tarihin allon zamiya tun 1923, cike da alluna na ƙarnoni. Sai dai gidan tarihi yana ajiye abu ne, ba ya ajiye hannu. Yadda ake gane icce ya yi laushin lanƙwasawa, da ƙamshin kwalta idan ta gasu daidai, waɗannan ba sa zama a cikin akwatin gilashi. Ko allon Digervarden, sai da masu sassaƙa suka kwaikwaye shi aka taka, sannan masana suka fahimci yadda mutanen da suke tafiya a kansa. Ilimin hannu, in hannu ya daina, ya tafi.

Kada mai karatu ya ce wannan duk labarin nesa ne. A nahiyarmu ana zamiya a Oukaïmeden ta Maroko da tsaunukan Lesoto. A 2022 Samuel Ikpefan ya ɗaga tutar Nijeriya a tseren alluna na gasar Olamfik ta hunturu a Bejin. Kafin shi, a 2018, 'yan mata uku, Seun Adigun da Ngozi Onwumere da Akuoma Omeoga, sun wakilci Nijeriya a tseren keken ƙanƙara a Koriya ta Kudu, karon farko da wata ƙasar Afirka ta shiga wannan fanni. Da me suka fara atisaye a birnin Houston, inda zafi ya fi sanyi yawa? Da keken katako da Seun Adigun ta harhaɗa da hannunta. Da ta zauna jiran na kamfani, da labarin bai kai kunnenmu ba.

Wannan ne abin da nake so ɗalibi ya ɗauka. Ba ina cewa ka tafi neman mesar 'yan kwana-kwana ba. Allon zamiya ba shi da aikin yi a inda babu dusa. Abin dubawa shi ne mutumin da ke da takardar shaidar karatu a bango da zarto a hannu, kuma bai ga ɗayan ya rage wa ɗayan daraja ba. Lissafin da ya haddace don jarrabawa ya sauko daga allon aji ya zama kaurin katako, kuma in ya yi ha'inci a awo, dutse ne zai yi masa maki, ba malami ba. Wanda ya taɓa haɗa abu, ko da ya koma saye, ya zama mai saye da ido: ya san abin da ke ciki, ya san inda aka rage, ya san abin da ke gyaruwa. Wanda bai iya komai ba sai saye, duk yawan kuɗinsa, a hannun mai sayarwa yake. Magabata sun ce zanen aro ba ya rufe katara, kuma ilimin da ke kan wani, kai sai dai ka biya ka karɓi sakamakonsa, shi ma aro ne.

Saboda haka in aka ce mini likitan da ya ɓata hutunsa yana firar katako a cikin sanyi ya yi wauta, sai in ce a bar shi da wautarsa. Daga irinta Lettner da Head da Poppen suka fito, kuma al'ummar da ke da dubban irinsa ba ta rasa wanda zai buɗe abu ya duba cikinsa ranar da ya tsaya.

Mu kwana nan. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.